Esi na sanyi a kan hanya, yana ɗaukewa a cunkoso: fankar gaba ba ta juyawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Mercedes 230E, V-boot, ƙirar 1991. In ina bisa hanya, kamar za ni Bodinga ko Tambuwal, esi na sanyi lahiya lau. Da na shigo gari na tsaya ga cunkoson Babbar Kasuwa sai sanyin ya ɗauke, allurar zahi ta wuce 100. An ƙara mani gas har sau biyu, ba ta canza zane ba. Na duba na ga hwankar da ke can gaba, bayan giril, ba ta juyawa ko da esi na kunne. Mai wayarin ya ce a yi mata dairek a huta. Mi kuka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Tun kafin dogon bayani, abu biyu: kada a sake ƙara wa motar nan gas, kuma a jingine maganar dairek, wato ja wa fanka wuta kai tsaye, tukuna har a gano inda wuta ta tsaya. Idonka ya kai inda ya kamata. Esin da ke sanyi in mota na gudu, ya ɗauke in ta tsaya, iska ce ba ta ratsa kondensarsa, kuma fankar da ka gani a tsaye ita ce mai wannan aikin.

Kondensa ita ce siririyar nan mai kama da lagireto da ke gabansa. Kwamfuresa na matse gas ta turo shi cikinta da zafi, sau da yawa sama da digiri 70, aikinta kuwa ta miƙa wa iska wannan zafin har gas ɗin ya koma ruwa. In bai koma ruwa ba, babu abin da zai je ya yi sanyi a cikin mota. A kan hanyar Bodinga gudun motar ne ke cusa iskar kyauta. A bakin kasuwa kuwa, da azahar ɗin Afrilu, zafin gari ya kai digiri 42 ko ya fi, kwalta na turiri, salansar motar gabanka na hura wa taka hayaƙi a hanci, ga shi babu abin da ke motsa iskar. Sai matsin gas ya yi ta hawa. In ya doshi bar 30 a ma'aunin matsi akwai makunnin kariya da ke yanke kwamfuresa don kada tiyo ya fashe, ɗaukewar da kake ji ke nan. Zafin da kondensa ke fitarwa kuma lagireton da ke bayanta ne ke shan sa, shi ya sa allura ke hawa a lokaci guda.

Fanka iri biyu ne a motarka. Akwai ta inji, wadda ke bayan lagireto, bel ke jan ta. A galibin masu silinda huɗu irin taka kulocinta na maganaɗisu ne, ba ya kamawa sai ruwa ya kai wajen digiri 100. Kafin nan yawo kawai take yi, ba ta jan wata iskar kirki. Masu silinda shida, 260E da 300E, nasu kulocin na mai ne, yana ɗan jan iska ko a sulo. Wato a 230E, in kana tsaye kuma inji bai yi zafi sosai ba, kondensa ba ta da kowa sai fankar gaba. A wasu motocin ɗaya ce babba, a wasu tagwaye ne, amma tsarin wutarsu kusan ɗaya ne.

Ga inda masu wayarin da yawa ke kuskure. Fankar gaba ta V-boot ba a yi ta don ta tashi da zarar ka danna esi ba, kamar yadda ta Honda ke yi. Gudu biyu gare ta, kowanne da mai ba shi umarni. Ƙaramin gudu matsin gas ne ke kiran sa: a jikin diraya, ɗan gwangwanin nan mai gilashi a ka da ke bayan fitilar hagu, akwai makunni da ke rufewa in matsi ya kai bar 16 zuwa 20, gwargwadon shekarar motar. Shi zai ta da rile, rile ya tura wuta ta cikin rezista, rezista ta rage ƙarfinta, fanka ta juya a hankali. Babban gudu kuwa zafin ruwan inji ne ke kiran sa, tsakanin digiri 105 da 110, ta wani rilen dabam, kuma wutar ba ta bi ta rezista. Saboda haka da safiyar hunturu za ka iya kunna esi fankar ta ƙi motsi, alhali lafiyarta ƙalau, matsin ne bai kai ba. Haka ma motar da gas ɗinta ya yoye: matsi ba zai taɓa kai bar 16 ba, sai a ɗora wa fanka laifin da ba nata ba. Taka ba ta cikin waɗannan. An ɗura mata gas sau biyu, ga zafin rana, har kwamfuresa na yankewa, babu shakka matsin ya wuce inda fanka za ta tashi. Akwai abin da ya katse a hanyar ƙaramin gudu.

In kana son ka gamsu da idonka kafin a taɓa waya, ka tsayar da motar da rana, inji na sulo, esi a kunne. Da sanyin ya fara ɗaukewa ka ɗauki buta ka riƙa zuba ruwa a fuskar kondensa ta cikin giril, wani na zaune a ciki da hannu a bakin hurin iska. In cikin minti ɗaya ko biyu sanyi ya dawo, magana ta ƙare: kwamfuresa lafiya, gas akwai, iska ce babu.

Kayan aikin ba su da yawa. Mita, fitilar gwaji, guntun waya mai kauri da aka sa wa fis mai amfiya 30 a tsakiya, sifana 8 da 10, sukundireba. Wanda zai yi aikin ya cire zobe da agogon ƙarfe, kuma ya sani fankar nan na iya tashi ba sallama muddin makulli na kunne, ta kuwa isa ta tsaga yatsa.

A fara da makulli a aljihu. A sa sanda ko sukundireba a tura fiffiken fankar. Ya kamata ta juya sumul ta ɗan yi yawo kafin ta tsaya. In ta yi tauri, ko tana ƙara kamar akwai yashi, ko fiffiken na lilo gaba da baya, boris ko bushin ya tafi, ƙurar hunturu ta yi aikinta. A duba ma ko leda ce ta naɗe mata, ko ƙarfen giril ya lanƙwashe ya tokare ta bayan wani ɗan karo da aka manta da shi.

Daga nan sai gwajin da ya fi kowanne amfani, ba ya kuma ɗaukar minti biyu. A jikin diraya makunni biyu ne. Na fanka shi ne mai gajerun wayoyi biyu da suka fito daga jikinsa kamar jela. Ɗayan, wanda ake cusa wa waya kai tsaye, na kariyar kwamfuresa ne, a bar shi yadda yake. A zare wayoyin na fankar, a haɗa biyun da suka fito daga jikin mota da guntun waya, a murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa. An yi wa motar ƙarya ke nan cewa matsi ya kai. Sai a saurara.

In fanka ta tashi a hankali, to fis da rile da rezista da fankar duk lafiya, saura makunnin kansa ko matsin. A sa gejin auna matsin gas a gani. In jan geji, na ɓangaren babban matsi, ya haura psi 300, wato ya wuce bar 20, makunnin bai rufe ba, ya mutu. Amma kada a kwance shi da gas a ciki, don da an sassauta shi gas zai feso, yana kuma ƙona fata da ido da sanyinsa. Sai an kwashe gas tukuna, kuma tunda an buɗe, a canja dirayar gaba ɗaya.

In ba a ji komai ba, ko ɗan ƙas na rile babu, matsalar na wajen akwatin fis, can kusa da gilashin gaba ta ɓangaren direba. Fis ɗin V-boot irin na dā ne, mai kama da harsashi, da siririn ƙarfe a bayansa: fari amfiya 8, ja 16, shuɗi 25. Yaudararsu ita ce ba sai sun tsinke suke daina aiki ba. Bakinsu ne ke cin tsatsa, musamman masu farin ƙarfe, ka gan shi garau amma wuta ba ta wucewa, ko tana wucewa da ƙyar har robar wajen ta narke. Kada a yarda da kallo. A juya kowanne a mazauninsa, a goge bakin da ɗan sanfefa, a matse ƙarfen da ke riƙe shi, a gwada da fitila gaba da baya. In za a saya, a nemi masu jan ƙarfe. Takardar da ke cikin murfin akwatin na nuna wanne ne na fanka. Riloli kuma suna bayan fis ɗin, ƙarƙashin wani murfin da sai an kwance sukurori, kuma a wasu shekarun rilen fanka na ɗauke da nasa fis ɗin a ka, wanda mutane da yawa ba su san da shi ba. A ƙasan rile akwai lambobi: 85 da 86 su ne kwayil, mita zai nuna om 60 zuwa 100 a tsakaninsu in yana da rai, 30 wutar batir ce ke shigowa, 87 ita ke fita zuwa fanka. A zare rilen, a duba ko ramin 30 na da wuta, sannan a haɗa 30 da 87 da wayar nan mai fis. In fanka ta tashi, rilen ne ko wayar da ke ta da shi. Rile na iya yin ƙas ɗinsa daidai alhali bakin cikinsa ya ƙone, don haka ƙarar kaɗai ba shaida ba ce.

In kuwa rile ya yi ƙas, fis lafiya, fanka shiru, to ga inda gizo ke saƙar, kuma nan muka fi zargi a motarka: rezista. Wani ɗan dutse ne na tangaran mai waya biyu, a ɗaure a jikin bodi bayan fitilar hagu, ba nisa da diraya. Aikinta ta cinye wani kaso na wutar ta mayar da shi zafi, don haka duk lokacin da fanka ke ƙaramin gudu tana gasuwa ne. Shekara talatin da ɗoriya na wannan gashin, ko dai wayar cikinta ta tsinke, ko kuma, wanda ya fi yawa, kan wayar da aka ɗaure mata ya ƙone ya zama gari. Sau da yawa da an ja wayar da yatsa sai ta biyo hannu. Gwajinta: wayar diraya na haɗe, makulli a kunne, a taɓa fitila a ƙafa ɗaya, a taɓa a ɗayar. Wuta a gefe ɗaya, babu a ɗayan, ta tsinke. Da mita kuma, mai rai ƙasa da om ɗaya take nunawa. In aka haɗa ƙafafunta biyu na ɗan lokaci fanka ta zabura da cikakken gudu, an kama ɓarawo.

Wannan lalacewar tana da wata alama da kai ma za ka iya tunawa. Tunda babban gudu ba ya bi ta rezista, motar da rezistarta ta mutu fankarta na yin shiru har allura ta kusa 110, sannan ta tashi da ruri kamar jirgi, ta yi ɗan lokaci ta mutu. In ka taɓa jin haka a cunkoso, fankar kanta lafiya take.

In kan waya ne ya ƙone, a yanke har inda tagullar ke sheƙi, don zafi na bin waya ya baƙanta ta tsawon ɗan yatsa ko fiye. A sa sabon kai mai zobe a matse shi da filaya ta matsewa. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif ba ya kwana a wannan wajen, dalma ma narkewa take yi. Akwai masu cire rezistar su haɗe wayoyin, su ce ai a Sakkwato gara fanka ta yi ta gudu da ƙarfi. Ta fuskar sanyi suna da gaskiya. Sai dai rile da fis da wayar ƙaramin gudu ba a auna su da cikakkiyar wutar fanka ba, musamman zaburar farko, sai a wayi gari mazaunin rile ya narke. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Kafin a sa sabuwar rezista kuma a tambayi abin da ya kashe tsohuwar. Tsufa na kashewa, amma fankar da borisinta ya bushe ta fi saurin kashewa, don tana jan wuta fiye da kima. A zare soket ɗin fankar a ba ta wuta daga batir kai tsaye ta wayar nan mai fis. Mai lafiya zabura take yi nan take, da sauti ɗaya miƙaƙƙe. Irin waɗannan fankokin amfiya 10 zuwa 20 suke ci a cikakken gudu. Wadda ta haura 25, ko take cinye fis, ta gama. A lura, ƙaramin mitan da ke hannun yawancin masu wayarin amfiya 10 ne iyakarsa, in aka ratsa wutar fanka ta cikinsa shi zai ƙone. Mita mai baki kamar ƙaguwa ake so, wanda ke auna wutar batir. In fanka ta ƙi tashi sai an ƙwanƙwasa bayanta da ƙotar sukundireba, burushinta na kabon ne suka cinye. Ana canja su, kuma gyara ne mai kyau muddin tagullar da suke gogawa ba ta yi kwari ba, kwayil ɗin ma bai yi baƙi yana warin ƙuna ba. In tagwaye ne a gwada kowace ita kaɗai, don ɗaya na iya mutuwa iskar 'yar'uwarta na juya ta, a zaci tana aiki. Wanda zai sayi ta Beljiyam ya sa a gwada masa a batir kafin ya biya, ya girgiza fiffiken, ya sansana bayanta.

Akwai matsalar da ke wahalar da mutane: mita ya nuna bolt 12 a soket, fanka ta tashi a batir, amma in an haɗa su shiru, ko ta juya kamar mai jin barci. Mita ba ya cin wuta, ko silin waya ɗaya ne ya rage zai nuna 12. Fanka kuwa ci take yi. Maganin wannan a gwada soket ɗin da ƙwan fitilar gaba mai wat 55, wanda ke jan sama da amfiya 4. In ya yi ja-ja maimakon fari, akwai inda wuta ke shaƙewa. Don a gano wajen, inji na aiki, fanka a babban gudu, a sa mita tsakanin kan batir mai jan waya da wayar wutar fanka: abin da ya ɓace a hanya kada ya wuce rabin bolt. Sannan tsakanin wayar bodin fanka, mai ruwan ƙasa a Mercedes, da ɗaya kan batir: kada ya wuce 0.2 ko 0.3. In ya wuce, a bi wayar zuwa inda aka ɗaure ta a bodi, a kwance, a kankare tsatsa da fenti har ƙarfe ya fito, a ɗaure a shafa ɗan giris. A ƙaramin gudu wannan awon ba ya aiki ta ɓangaren wuta, don rezista da gangan take cinye bolt da dama. Batir kansa ya nuna wajen 12.6 a kashe, 13.8 zuwa 14.4 in inji na aiki.

Ka ce allura na wuce 100, ba ka faɗi ko ta kai 110 ba. A tabbatar babban gudu ma na nan, don shi ne mai ceton gaskit. Hanya mafi aminci a gwada shi daga rilensa, 30 da 87. Makunnin da ke ta da shi yana kan silinda wajen gidan tamostat, amma a wajen akwai 'yan'uwansa da suka yi kama da shi, na allura da na injin kansa, kuma haɗa wayar wanda ba shi ba na iya taɓa kwamfutar mota. Wanda bai tabbata ba kada ya yi ta lalube. Tafasasshen ruwa ma ba ya gwada wannan makunnin, don ruwa a tukunya ba ya wuce 100, shi kuwa sai 105 ko 110. Abin da ya sa ruwan inji ke kai can bai tafasa ba murfin tankin ruwa ne, mai lamba 120 ko 140 a kansa, da ke riƙe matsi. In robarsa ta mutu mota za ta yi amai kafin fanka ta ji kira. Kada a buɗe shi da zafi. A duba kuma fankar inji tana kamawa da ta kai 100, za a ji ƙas da canjin sauti. In an taɓa cire maka tamostat wai don zafin gari, a mayar: na Mercedes yana da faifai a gindi da ke toshe gajeriyar hanyar ruwa, in babu shi wani ruwan zagayawa yake yi cikin inji bai leƙa lagireto ba.

In an taɓa canja fankar ko an yi mata aikin waya, a duba inda take hura iska. Ta gaba turawa take yi zuwa ciki. A riƙe takarda a gaban giril, ta manne. In ta ture ta waje an juya wayoyin, kuma irin wannan ta fi matacciya illa, don a kan hanya faɗa take yi da iskar gudu. Fankar da aka ciro daga bayan lagireton wata motar aka dasa a gaba, ko an juya mata waya ta yi daidai, lanƙwasar fiffikenta ba ta wannan aikin ba ce, iskarta ba ta kai ta asali.

Fanka mai lafiya ma ba ta iya tura iska ta cikin bango. Tsakanin kondensa da lagireto akwai ɗan sarari da ido ba ya kaiwa, nan ƙura da ƙaiƙayi da gashin kaza da fiffiken fara ke taruwa su yi kamar bargo. A sassauta lagireto ta sama a ɗan karkata shi baya a haska tocila. A wanke da ruwan tiyo marar ƙarfi, inji a sanyaye, daga baya zuwa gaba. Injin wankin mota mai feshi da ƙarfi kwantar da siraran haƙarƙarin kondensa yake yi, ya toshe ta dindindin, ka gaya wa yaran wanki su nisanta shi.

Sai gas. Motar 1991 da gas mai suna R12 aka yi ta, yanzu kuwa kusan tabbas R134a ke ciki, wanda a zafi irin namu matsinsa ya fi na tsohon hawa, don haka ya fi buƙatar iska. Gas ɗin da aka ƙara sau biyu a motar da ba gas ne matsalarta ba, akwai yiwuwar ya yi yawa, kuma yawansa kaɗai na iya sa kwamfuresa ta yi ta yankewa ko bayan fanka ta dawo. Gejin motar da ke kashe ba ya faɗin yawa: a zafin digiri 40 wajen psi 130 zai nuna, ko ta cika ko rabi ce. Abin yi a kwashe, a ja iska da injin zuƙa na aƙalla minti 30, a tabbatar allurar gejin ba ta komawa, sannan a ɗura da sikeli. Akwai lamba a ƙarfen gaba ƙarƙashin bonet da ke faɗin nauyin R12. Na R134a wajen kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na wannan ake sawa.

Yanzu maganar dairek. Yadda aka saba yin sa, a jawo waya daga makulli ko daga kwayil ɗin filogi a kai wa fanka, ba rile, wani lokaci ba fis. Amfiya 15 ko 20 ke nan ke bi ta bakin makullin da ba a yi shi don haka ba, sai ya fara ƙonewa, wata rana mota ta riƙa mutuwa a hanya a rasa dalili. Fanka na cin batir tun kana tada inji, tana gudu da asubar hunturu, tana gudu a kan hanyar Gusau inda babu mai buƙatarta, burushinta su ƙare da wuri. In wayar ta goge a jikin ƙarfe babu fis, gobara ce. Kuma ainihin ciwon na nan, an kashe maciji ba a sare kansa ba.

Amma son fanka ta tashi tare da esi ba wauta ba ne a garin nan, akwai ma hanyar yin sa da tsabta bayan an gyara na asali. A sami rile mai ƙafa huɗu. Ƙafa 86 a kai ta wayar da ke ba kulocin kwamfuresa wuta, 85 a bodi, 30 da 87 kuma a haɗa su da wayoyin nan biyu na makunnin diraya, ba tare da an cire makunnin ba. Da kwamfuresa ta kama, sabon rilen zai yi abin da guntun wayar gwaji ya yi, fanka ta tashi a ƙaramin gudu ta hanyarta ta asali, da fis ɗinta da rilenta. Kwayil ɗin rile bai kai amfiya ɗaya ba, ba ya nauyaya wa kowa. Kuɗin da za ka biya shi ne rezista za ta fi daɗewa a wuta, don haka ta zama sabuwa, kawunan wayarta a matse. Wanda ya nace sai cikakken gudu, to ya ja sabuwar waya mai kaurin murabba'in milimita 4 daga batir, fis mai amfiya 30 dab da batir ɗin, rile mai amfiya 40, kuma ya san altanetar tsohuwar mota ba ta ba da duk ƙarfinta a sulo. Da dare, ga fitila ga esi ga fanka, batir ne zai riƙa cike giɓin.

Masu wasu motocin kada su ɗauki wannan taswirar yadda take. A tsofaffin Honda Accord fankokin biyu tare suke tashi da kwamfuresa, kowace da rilenta. Toyota Camry da Corolla na shekarun 1990 da yawa ba su da rezista: riloli uku ne ke jera fankokin biyu a layi ɗaya don ƙaramin gudu, kowace ta sami rabin wuta, shi ya sa in ɗaya ta mutu ƙaramin gudun duka ke ɓacewa, a irinsu kuma zare soket ɗin makunnin zafi ne ke ta da fanka. Peugeot 406 mai tagwayen fanka ma haka take jerawa, rilolinta na can gaba tsakanin fankokin, inda ruwa da ƙura ke samun su.

In an gama, kada ka karɓi motar da safe ko a inuwa. Ka sa a gwada ta da rana tsaka, a tsaye, geji a haɗe, esi a ƙarshe, na minti 15 zuwa 20. Fankar gaba ta tashi da kanta kafin jan geji ya wuce psi 300, kuma da ta tashi ka ga allurarsa ta tsaya ko ta sauko. A zafin digiri 40, ja tsakanin 250 da 300, shuɗi, na ɓangaren ƙaramin matsi, tsakanin 35 da 50, ba abin damuwa ba ne. Kwamfuresa kada ta riƙa yankewa, siririn bututun da ya fito daga diraya ya zama mai ɗumi da hannu zai iya riƙewa, allurar zafin inji kuma ta tsaya a wajen 90 zuwa 100. In fanka na juyawa, kondensa a wanke, gas a kan sikeli, amma ja na ci gaba da hawa sama da 350, to a koma kan kondensar kanta, ta toshe daga ciki, ko bawul ɗin da ke sakin gas zuwa cikin mota ya maƙale.